Allurar Kawunka Sanusi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Habu a Damagaram, daga mahaifiyarka Mariyama a Matameye.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da suka ba ka masauki. Allah ya tsare mini kai a ɗaki da kan hanya da filin kokowa, ya haɗa ka da abokan kirki, ya kau da idon mugu daga kanka. Mu nan lafiya lau muke. Babanka yana garka kullum, yana gaishe ka. Matarka Rakiya ma tana gaishe ka. Cikin ya yi nauyi, ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma tana ci tana sha, kuma idona yana kanta. Labarin gida ke nan, ba zan ƙara ba, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na san abin da za ka ce: Inna, ga waya a hannunki, me ya hana ki yi mini vokal, ki turo saƙon murya? Ai na san yadda kuke sauraron vokal ɗin iyaye. Kunne ɗaya a waya, ɗaya a hirar abokai, kana ta "to Inna, to Inna," kafin in kai ƙarshe ka manta farko. Takarda kuwa dole ka zauna. Rubutuna na makarantar yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri ka miƙe shi da kanka.

Ranar da za ka tafi, kana ɗaure jaka, ka faɗi wata magana kamar da wasa. Ka ce, "Inna, can manyan ƴan kokowa da masu ɗaga ƙarfe duk allura suke yi. Ba ƙwaya ba ce, kamar bitamin take, jiki kawai take buɗewa." Ban tanka maka ba, don mota tana jira, Rakiya kuma tana tsaye, ba na son in yi maka faɗa gaban matarka. Maganar nan na taɓa jin ta, kusan yadda ka faɗe ta, daga bakin ƙanena, kawunka Sanusi. Kuma na yarda da ita a lokacin, ni da kake ganina da wayo.

Kai ka san kawunka a matsayin mai sayar da rake a bakin tasha, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ko yaro ya taka shi, shi zai ba yaron haƙuri. Ka kuma ji ana cewa ya taɓa yin kokowa, sai iska ta taɓa shi ya bari. Haka ake faɗa a gari, mu ma muka bar shi a haka don ya fi sauƙin faɗi. Lokacin kana Ɗan Barto wajen kakarka, ba ka ga komai ba. To ba iska ba ce. Kafin in fara rubutun nan na je na same shi a tasha, na ce zan gaya maka. Ya daɗe yana fere rake bai dube ni ba, sannan ya ce, "Yaya, ki gaya masa duka. Kada ki rage komai don ni."

Sanusi ɗan kokowa ne na gaske tun kafin wata allura. Ba shi da girman jiki, amma yana da ƙafa, yana da wayo, kuma ransa a sanyaye yake. In kaka ta yi aka fara kiɗa a Dawce da Dungu, mutane sukan taso takanas don su gan shi. In ya kada mutum, kafin alƙali ya gama hura usur ya miƙa masa hannu ya tashe shi, har ya kakkaɓe masa ƙasar baya. In shi aka kayar, ya tashi yana dariya, ya je ya rungume wanda ya kada shi. Makaɗa suna son sa don bai taɓa sa sun ji kunya ba.

Wata shekara ya tafi cin rani Kano, yana dako a kasuwa. Can ya haɗu da masu ɗaga ƙarfe. Da ya dawo farkon damina, na rantse maka da ya yi sallama sai da na sake dubawa. Wuya ya haɗe da kafaɗa, rigunansa na da ba wadda ke shiga. Ya zo mini da ƴan kwalabe ƙanana cikin kwali, ya ce zafi yana lalata su, kuma duk danginmu ba randar da ta kai tawa sanyi. "Yaya, ki ajiye mini bitamin ɗina," in ji shi. Na tona jiƙaƙƙen rairayin da ke ƙarƙashin randata na binne masa su da hannuna. Lokaci-lokaci ya zo ya ɗauki ɗaya, ya kai wa wani mutum a unguwa da ke yi wa awaki allura, ya tsira masa a cinya.

Ni kuwa me na yi? Cika baki. Ka san sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ni nake dama masa fura. Sai na shiga kasuwa ina cewa, "Kun ga ƙanena? Furata ce da ƙulina." Mata suka riƙa zuwa suna tambayata me nake zubawa a ciki, su ma su yi wa nasu mazan. Har wata ta yi fushi da ni wai ina ɓoye mata sirri. Da ya wuce ta gaban rumfata sai in ɗaga murya in kira sunansa don kowa ya waiwaya. Ni ce ta farko da ta yi wa jikin nan kirari, tun kafin makaɗa.

Ka ji wannan, Habu. Duk wanda ya yaba girman jikinka, ka tambayi kanka ko gida ɗaya kuke kwana. Mai kallo yana ganin ka na ɗan lokaci a fili, ya yi tafi, ya tafi gidansa. Ba ya nan in an kawo maka tuwo miya ta yi gishiri. Ko ni ce na yaba ka, in jikin ya zo da gaggawar da abinci da motsa jiki ba sa kawowa, kada ka saurare ni.

Wadda ta fara gane abu ya lalace ita ce Indo, matarsa. Ta same ni ina suya, ta zauna ta ce, "Yaya, mutumin nan ya canza. Barci kaɗan yake yi. Bayansa duk ƙuraje. In na ajiye kwano da ɗan ƙarfi sai ya ce da shi nake. Jiya mai sayar da ruwa ya gaishe ni a ƙofar gida, sai da ya tsare ni da tambaya har rana ta yi tsaka, wai me ke tsakanina da shi." Mai ruwan nan tsoho ne, ya girmi babanmu.

Ka san amsar da na ba ta? Na ce haka maza masu ƙarfi suke, ta iya bakinta, ta rage tsayawa a ƙofa. Na ƙara mata da ƙuli a leda na sallame ta. Ta tashi ta tafi, kuma daga ranar ba ta ƙara kawo mini ƙara ba, sai dai in ga ta rame. Wannan abin har yau yana ci mini rai. Yarinya ta zo da gaskiya a hannu, na mai da ita gida da ƙuli-ƙuli.

Don haka ga abin da nake so ka riƙe. Mutum ba ya ganin canjin halinsa da kansa. Sanusi a lokacin ji yake bai taɓa samun lafiya irin wannan ba, ji yake ba wanda ya kai shi, kuma a ganinsa mutane ne suka canza, su ne suka fara raina shi. Wanda ke kawo maka abinci shi ke fara sani. Ranar da Rakiya ko wani abokin ɗakinka ya ce maka, "Habu, ka canza," kada ka tsaya musu. Ka ɗauka gaskiya ce har sai ka tabbatar ba haka ba.

Da kaka ta yi, aka yi babbar kokowa a Dungu. Na je, har da sabon zane. Aka haɗa shi da wani ɗan garin, saurayi mai ladabi, wanda suka sha karawa a da. Ba a daɗe ba Sanusi ya ɗaga shi sama ya buga da ƙasa. Fili ya ɗauki ihu, ni ma na yi guɗa. Alƙali ya hura usur. To nan ne ya kamata ya miƙa hannu ya tashe shi, kamar yadda kowane ɗan kokowa ya sani tun yana yaro. Sai na ga ya danne shi da gwiwa a ƙirji, ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari, ya ƙara. Wai yaron ya yi masa murmushin raini kafin su kama. Makaɗa suka tsaya cak. Sai da ƙarti suka taru suka ɓamɓare shi, yana ta huci, idanu jajur, yana neman wanda zai sake kamawa. Na katse guɗar da na fara. Muka dawo Matameye a bayan mota.

Da muka taru a gida, ba wanda ya kawo zancen allura, don ba wanda ya yi tunaninta. Mu ƴan gidan kokowa ne, mun san abin da ake yi wa ɗan kokowa in ya gagara. Kowa ya ce sammu ne, mutanen Dungu sun gaji da shan kaye sun yi masa aiki. Ni na fi kowa ɗaga murya. Akwai wata mata a Dungu da na daɗe ina sayen gyaɗa wajenta, mutuniyar kirki, sai na tuna ta taɓa ba Sanusi ruwa ya sha a gidanta. Shi ke nan, na yanke hukunci. Ranar kasuwa na wuce ta gabanta ta gaishe ni na kau da kai. Baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Muka shiga neman magani. Rubutu, tofi, hayaƙi, wanka da saiwoyi, ba wanda ba mu yi ba. An tona tsakar ɗakinsa ana neman abin da aka binne, ba a samu komai ba sai tsohon cokali. Ka dubi wauta: ana tona ɗakinsa, alhali abin da aka binne yana ƙarƙashin randata, ni na binne shi, kuma kullum da safe ina yayyafa masa ruwa don kada ya yi zafi. Zai sha rubutu da hantsi, da la'asar ya zo ya ce, "Yaya, miƙo mini ɗaya," in miƙa masa ina yi masa addu'ar Allah ya karya sammu.

Ana cikin haka abin akuya ya faru. Da rana ne tsaka, ina gidansu na kai masa fura. Indo ta ajiye masa kwanon a inuwa, ya shiga ɗaki ɗauko ludayi. Ƴarsu Balki, lokacin ba ta fi ta fara wayo ba, tana wasa da ƴar akuyarta da take goyawa a baya kamar jariri. Akuyar ta zille ta sa baki a furar. Abin dariya ne, Habu, a kowane gida dariya za a yi a dama wata. Sanusi ya fito ya gani. Kafin in buɗe baki ya kama ta ta ƙafafun baya ya maka ta da bango. Sau ɗaya. Ko kuka ba ta yi ba. Balki tana tsaye kusa da ƙafarsa, zanen goyon yana hannunta. Ita ma ba ta yi kuka ba, sai fitsari da na ga yana bin ƙafarta.

Ya tsaya yana kallon akuyar, sai ya zauna a ƙasa ya kama kansa. Ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Yaya, ina ganin hannuna yana yi, na kasa tsai da shi. Da Balki ce ta taɓa kwanon, wallahi ban san abin da zan yi ba." Da yamma Indo ta ɗauki ƴarta ta tafi gidansu, kuma ban ce mata ta zauna ba.

Washegari na koma wajen Malam, dattijon da ke yi mana rubutu, na ce ya ƙara ƙarfin aiki. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Mariyama, addu'a ba za mu bari ba. Amma na daɗe ina duba yaron nan, ban ga alamar abin da kuke faɗa ba. Ki gaya mini, me yake ci, me yake sha, me yake sa wa jikinsa?" Na lissafa masa fura da tuwo da nama, sai a ƙarshe na ce, sai ɗan bitamin ɗinsa na allura. Malam ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Ɗauki ɗaya ki kai likita yau, kada ki bari sai gobe."

Na kai wa majo, babban ma'aikacin likitar garinmu a lokacin, mutumin da duk duniya shi kaɗai ke ce mini madam. Ya juya kwalbar ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. Ya faɗi sunan abin da faransanci, wai siteroyid. Ya ce, "Madam, wannan ba bitamin ba ne. Sinadarin mazantaka ne, irin wanda jikin namiji ke yi da kansa kaɗan-kaɗan. Akwai marasa lafiyar da likita ke ba su shi da awo. Su kuwa waɗannan ɗura wa kansu suke yi ninkin ba ninkin. Tsoka za ta kumbura, amma ba tsoka kaɗai yake taɓawa ba, har kai yake hawa. Wani barcinsa ya ragu, ya ji ya fi kowa, abu kaɗan ya tunzura shi, ya riƙa zargin mutane. Kin san tsakanin ɓacin rai da ɗaga hannu akwai ɗan lokacin da mutum ke tunani? To shi ne yake gajarcewa."

Ya ci gaba da magana, yana cewa in ya daina jikinsa zai yi sanyi ƙwarai, a kawo shi su riƙa duba shi. Wannan ɓangaren da ƙyar ya shiga kunnena, don na riga na miƙe, zuciya ta ɗebe ni. Na zo gida na tone kwalaben nan duka na zuba a masai. Na je na sami mai allurar awaki na wanke shi tas gaban jama'a. Na sami Sanusi na ce daga yau an gama. Ya ce to. Na kakkaɓe hannu, a ganina na yi maganin abin a yini ɗaya.

Ashe rabin wahalar ke nan. Bayan ɗan lokaci jikin ya fara zubewa, wannan kam mun sa rai. Abin da ba mu sa rai ba shi ne ransa ya zube tare da shi. Mutumin da da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya kwanta ya juya fuska bango. Ba ya fita, ba ya wanka sai an matsa, abinci sai ya yi sanyi a gabansa. In aka yi kiɗa a gari ya toshe kunne. Ni kuma da na saba komai da faɗa, na tsaya a kansa ina cewa ragwanci ne, ya tashi ya nemi abin yi, maza suna can suna aiki. Rannan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Yaya, da za ki bar ni in mutu da kowa ya huta." A hankali ya faɗa, ba cikin fushi ba, kuma wannan ya fi marin Dungu ba ni tsoro.

Ranar na tuna sauran maganar majo. Muka kai shi wajensa. Aka riƙa duba shi, aka ce kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa gori. Majo ya ce jikin da aka saba ɗura wa abu daga waje yakan daina yin nasa, sai ya ɗauki lokaci kafin ya farfaɗo, kuma a tsakanin nan ne baƙin ciki ke danne mutum, har wasu su koma wa allurar don su tsira daga shi. Babanka ya riƙa ɗaukarsa zuwa garka, ba don aiki ba, don dai ya zauna cikin mutane. A can ya fara taɓa rake. Ni kuma na koyi rufe bakina, wanda ka san ba ƙaramin aiki ba ne a wajena. Na kuma shirya na tafi Dungu na ba mai gyaɗa haƙuri. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita da ta iya sammu ai da ta fara da masu cin bashinta.

To ga shawarata a nan, kuma ita ce na fi so ka riƙe. Idan takardar nan ta same ka ka riga ka fara, kada kunya ta sa ka ɓoye. Ba zan tsine maka ba, ba zan yi shela ba. Ka je likita ka faɗi gaskiya, sunan abin da yawan da ka yi, su nuna maka yadda za ka rabu da shi. Ka kira ni ko babanka. In ka ji duniya ta yi maka baƙi bayan ka bari, ka sani ba halinka ba ne, ba kuma ƙarshenka ba ne, abin ne yake fita, kuma yana wucewa. Amma kada ka zauna da shi kai kaɗai a ɗaki.

Kawunka ya warke, ka gan shi da idonka. Indo ta dawo bayan an sha zarya. Amma kada in yi maka ƙarya in ce komai ya koma yadda yake. Filin kokowa bai sake shiga ba, ko kallo ba ya zuwa. Balki ta girma, tana girmama shi, ita ke kai masa abinci tasha. Sai dai har yau, in suna zaune ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai ka ga ta ɗan ja baya. Ba da saninta take yi ba. Shi ma yana gani, sai ya sauke hannun a hankali ya bar hular a karkace.

Na san abin da za su gaya maka a can. Za su nuna maka wani ƙato su ce, ga wane, ya daɗe yana yi, lafiyarsa lau, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. Mai yiwuwa gaskiya ne. Majo ma ya ce ba kowa take birkitawa haka ba, wani ta tsaya masa a ƙuraje da saurin fushi, wani ta kai shi inda ta kai kawunka, musamman in ya haɗa da ƙwayoyin da samari ke sha don gajiya. Amma ba wanda ya san ɓangaren da zai faɗa sai ya shiga. Kuma ƙaton da suke nuna maka, ba ka tambayi matarsa ba.

Sannan kai na san ka. Sanusi mai sanyin rai ne aka wayi gari ya zama haka. Kai kuwa zuciyata ka gado, ba ta babanka ba. Tun kana rarrafe in aka karɓe maka abu sai ka buga kai da ƙasa. Na ga yadda ka yi fama da kanka har ka koyi haɗiye fushi, na ga ranar da aka yi maka rashin adalci a fili a Dawce ka cije leɓe ka je ka gai da alƙali. Ranar na fi alfahari da kai fiye da duk ranakun da ka yi kaye. Wannan abin da ka gina da wahala shi allurar ke fara rushewa, tun kafin ta gama gina kafaɗa.

In sun matsa maka, ba sai ka yi musu wa'azi ba. Ka ce uwarka ta hana, ka bar su su yi dariya. Ka ce mafaɗaciya ce, ba ƙarya ka yi ba. Ka ci abincinka, ka yi barci, ka ɗaga ƙarfenka, ka koyi ƙafa wajen waɗanda suka fi ka. In an kada ka don wani ya fi ka nauyi, ka tashi ka kakkaɓe jiki ka dawo gida, tuwonka yana nan. Ba wanda zai rage maka ko loma ɗaya don ba ka zo da kyauta ba.

Saura magana ɗaya. Ranar da ka faɗi zancen allura, ba ni kaɗai na ji ba. Rakiya ta ji, kuma ta san Indo, mata ba sa ɓoye wa juna irin wannan. Shekaranjiya muna ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Inna, in na je gidanmu haihuwa na yi arba'in, in dawo ɗakina da jaririn, ko in dakata tukuna mu ga yadda ya dawo?" Ba ta ɗago kai ba da ta faɗa. Yarinyar nan tana son ka, Habu, kuma tsoro take ji.

Na ce mata ta dawo. Na ce ni na haife ka, na san ka, na tsaya maka. Ta yi ajiyar zuciya ta ci gaba da ɓara.

Amma ka ji sauran, don ita ban gaya mata ba. Ranar da ka sauka a tasha ni zan fara ganinka, kuma yanzu na san abin da ake dubawa. In na ga abin da na gani a jikin ƙanena, ba zan yi guɗa ba, ba kuma zan jira a gwada a kan jikana ba. Ni da ƙafata zan je gidan su Rakiya in ce ta zauna inda take. Kada ka sa ni yin wannan tafiyar.

Allah ya tsare ka, ya tsare hannunka daga abin da za ka yi nadama. Allah ya ba ka ƙarfi mai albarka da zuciya mai sanyi, ya sauki matarka lafiya, ya dawo mana da kai yadda ka tafi. Ka gai da masu masaukinka, ka riƙe salla.

Ni ce mahaifiyarka,
Mariyama